Baba Zali da Ƙusoshin Tukunyar Jirgi

Duk wanda ya yi shekara biyu a unguwar Mansur ta Makka ya san Baba Zali, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn tsohon nan da ke zama a bakin shagon gyaran tukwane, bayan masu tsire, wanda in ka yi masa sallama sai ya dubi bakinka tukuna kafin ya amsa. Kurma ne, ko a ce ya kusa. Rabin unguwa sun ɗauka da abinsa aka haife shi, don mutanenmu ba su iya tambaya ba, yanke hukunci suka iya. Ƙarfe ne ya cinye masa kunne. Da ɗan abin da ƙarfen ya rage masa kuma ya tsare ran ɗansa na fari, wata safiyar Laraba, a cikin tsohon kan jirgin ƙasa.

A Ƙauran Namoda aka haife shi, inda dogo ya ƙare. Yana da shekara sha shida ya shiga reluwe, aka tura shi loko a Zariya, inda ake kwantar da kawunan jirgi ana gyara. Zamanin jirgin kwal ne, mai hayaƙi da tururi. Aka haɗa shi da maƙeran tukunya.

Kan jirgi irin na da ba komai ba ne illa tukunya a kan ƙafafu. Ɗakin wuta yana ciki, ruwa ya kewaye shi, tsakanin bangon ciki da na waje kuma akwai ƙusoshi ɗaruruwa da suka riƙe bangayen don kada ƙarfin tururi ya ɓare su. Mugun halin ƙusar shi ne, tana iya karyewa a tsakiya, can cikin ruwa inda ido ba ya kaiwa, kanta kuwa yana nan garau. In ɗaya ce ko biyu, ana lallaɓawa. In suka taru wuri ɗaya, bango ya buɗe, wanda ke tsaye a bakin ƙofar wuta ba a samun abin da za a yi wa wanka. Zali ya ga haka sau ɗaya a rayuwarsa, bai kuma taɓa yarda ya ba da labarin har ƙarshe ba.

Aikinsa shi ne ya kurɗa ɗakin wuta in ya huce, da ƙaramar guduma, ya bugi kan kowace ƙusa ya saurara. Mai lafiya tana amsawa tsaf, karyayya tana amsawa kamar mai mura. Shekara goma sha takwas yana wannan, ga ƙarar maƙera ta ko'ina, har kunnuwan suka fara tafiya. Bai gaya wa kowa ba, don kada a sallame shi. Dabara ya samo: ya ciji asuwaki, ya dafa ɗaya kan a jikin ƙarfe, ya buga. Amsar sai ta biyo itacen ta shiga haƙora ta hau kai. Ya ce ta ma fi ta kunne gaskiya, don haƙori ba ya jin surutun mutane.

Da jirgin dizal ya kori na kwal, aka fara yi musu kallon tsofaffin kaya tun suna da ƙarfinsu, sai ya haɗa abin da ya tara ya zo aikin Hajji a 1976. Bai koma ba. Makka ba ta da dogo a lokacin, amma tana da tukwane, manya-manyan nan na dafa shinkafar alhazai da mutum uku za su zauna a ciki su yi hira. Ya zama mai gyaransu. Masu dafa abinci daga unguwar Kudai har Utaibiyya ba sa sayen tsohuwar tukunya sai Zali ya ƙwanƙwasa ta. A nan ya auri Rahmatu, haifaffiyar Makka, wadda kakanninta suka zo a ƙasa ta Sudan. Suka haifi Taha, sannan Haifa, da wasu biyu.

To ga inda matsalar take. Zali ya baro Ƙaura da riga biyu da guduma, amma kunyar ɗan fari ya kwaso ta duka, bai bar ko ƙwaya a hanya ba. Bai taɓa kiran sunan Taha ba. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ba ya cin abinci kwano ɗaya da shi, ba ya yi masa magana kai tsaye in dai akwai wani mai rai a gidan da za a aika. "Wancan" yake ce masa, ko "mutumin nan". A Ƙaura kowa ya san ma'anar haka, har a yabe ka. A Makka kuwa yaro yana tashi yana ganin 'yan ajinsu suna rataye a wuyan iyayensu, ana sumbatarsu a goshi a ƙofar makaranta. Wa ya zaunar da Taha ya yi masa bayani? Babu. Ya girma da Larabci a baki, Hausa a kunne, da tabbacin cewa ubansa ba ya ƙinsa amma ba ya sonsa. Al'adar da aka ɗauko aka bar fassararta a gida, ai zalunci ce, ko ba a yi nufi ba.

Taha ya zama mai walda, gwani kuwa, ya yi aure, ya kama gidan haya a Kudai. Yana da shekara arba'in kamfanin da yake wa aiki ya samu kwangila a wurin wani attajiri mai son kayan tarihi. Mutumin yana da gona can hanyar Jumum, ya gina ƙauyen gargajiya a ciki don masu zuwa kallo, ya kuma sayo wani tsohon kan jirgin kwal daga wajen Sham, wai ya taɓa aiki a layin Hijaz. Layin nan ne da aka jawo daga Dimashƙa domin alhazai, ya iso Madina a 1908, aka so kai shi Makka bai yiwu ba, yaƙi ya zo ya kakkarya shi. Attajirin ya shimfiɗa dogo ɗan gajere, ya ce yana so a ga jirgin yana tafiya da tururinsa. Wata takwas Taha yana jikin ƙarfen nan. Da aka zo zaɓen wanda zai tsaya a bakin wuta ranar buɗewa, muhandis Nawaf, injiniyan da ke kan aikin, ya ce ba wanda ya cancanta sai shi.

Ranar wata Juma'a, saura kwana biyar a hura wuta, Taha ya kwashi iyalin gidan ya kai su su gani. A ransa yana so tsohon ya ga aikinsa, ko Allah zai sa ya ce wani abu. Zali ya sauko daga mota ya tsaya. Shekara arba'in da 'yan kai rabonsa da ganin irinsa. An yi masa fenti baƙi da ja, tagullarsa tana ƙyalli, mata suna ta ɗaukar hoto. Shi kuwa ya zagaya ta hagu, inda ba a riga an mayar da rigar ƙarfen da ke rufe tukunya ba, kawunan ƙusoshi suna waje jere-jere. Ya zaro gudumar da ba ta barin aljihunsa, ya ciji asuwaki, ya fara. Ma'aikata suka yi murmushi, wai tsoho yana gaisawa da abokinsa. A jere na huɗu ya tsaya. Ya sake bugawa. Ya sauka na biyar.

Taha yana tsaye taku uku daga gare shi. Taku uku. Mutumin nan ya dubi ɗansa, ya mayar da guduma aljihu, ya koma mota ya zauna.

Sai da suka isa gida ya kira Rahmatu ɗaki, ya ce ta gaya wa wancan, bangon hagu na ɗakin wuta, jere na huɗu da na biyar, akwai karyayyun ƙusoshi sun kai goma, kada a hura wuta sai an huda an duba. Ya maimaita sau biyu. Rahmatu ba ta san ƙusar jirgi ba, ba ta san jere ba, ita ma kuma zama da Zali ya koya mata jin nauyin ɗan fari. Ta kira Haifa a waya ta ce babansu ya ce jirgin nan bai kwanta masa a rai ba, musamman ta hagu, kada yayanta ya kusanci wuta. Haifa tana fama da girki, ta aika wa Taha saƙon murya da Larabci cewa Abuya, wato babansu, ya yi mummunan mafarki a kan jirgin, ya yi sadaka. Taha ya yi dariya, ya ba wani mai shara riyal goma, ya ce a gaya wa Abuya an yi. Saƙo ya biyo hanyar da ya je ya dawo wa Zali cewa an ji, an kuma yi abin da ya kamata. Tsoho ya yi hamdala, ya ci tuwonsa.

Ranar Talata da azahar ya tarar Rahmatu tana goge masa farar riga. Ta ce gobe da safe za a fara ɗumama jirgin, jibi biki. Ya yi mamakin saurin aikin, ya tambaye ta ko har an gama canza ƙusoshin.

Ta ce, "Waɗanne ƙusoshi, Malam?"

Wannan karon ya sa aka kira Haifa ta zo da ƙafarta, ya faɗa tana rubutawa, jere da lamba, ta aika. Amsa ba ta daɗe ba. Taha ya ce a gaya wa Abuya ya kwantar da hankalinsa, an matsa wa tukunyar ruwa da inji, ba ta zubar da ko ɗigo ba, muhandis yana da takarda mai hatimi, zamanin guduma ya wuce. Da Haifa ta nemi ta tausasa maganar, Zali ya ce ta faɗa yadda take, ai yana ganin bakinta. Ya san abin da takardar ba ta sani ba: karyayyar ƙusa ba ta yoyo da ruwan sanyi, wuta take jira.

Yana idar da sallar asuba ranar Laraba ya tari motar haya ya nufi Jumum. Mai gadi ya gane shi tun zuwan Juma'a, ya buɗe masa. Ba a fara aiki ba tukuna. An cika tukunya da ruwa, an jibge itacen kunnawa a gefe, ƙofar wuta a buɗe. Ƙofar ba ta fi faifai biyu faɗi ba. Tsoho mai shekara saba'in da bakwai ya cire hula da takalmi, ya tuɓe riga ya ninke, ya zura ƙafafu, ya murɗa kafaɗa yadda ya saba yi tun yana saurayi, ƙarfe ya ɗebi fatar haƙarƙarinsa, ya faɗa ciki. Ya kunna tocila, ya fito da alli, ya hau aiki. Ruwan da ke bayan bango ya danne muryar ƙusoshin, sai da ya ciji asuwakin har dasashi ya yi jini kafin ya raba mai lafiya da maras lafiya. Ya zagaye goma sha ɗaya da alli, duk a wuri ɗaya kamar tafin hannu biyu. Sannan ya zauna a kan ƙarafan murhu ya harɗe ƙafa.

Ƙarfe bakwai ma'aikata suka iso. Wanda ya ɗauko itace zai jefa ya leƙa ya ga idanu biyu, ya watsar da itacen ya yi salati. Aka kira Nawaf, aka kira Taha. Taha ya leƙa ya ga ubansa ba riga, baƙi ƙirin da toka, kunya ta kama shi kamar ƙasa ta tsage. Ya roƙe shi da Larabci, ya roƙe shi da gurguwar Hausarsa, ya ce Abuya don Allah ya fito, mutane suna kallo, aikinsa ne zai tafi. Zali ya kawar da kai ya dubi bango. Ba ji yake ba, bakin ɗan nasa kuma ba zai kalla ba.

Nawaf ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya. Matashi ne mai ladabi da ya yi karatun injin dizal da na lantarki, aka ɗora masa abin da ya girmi kakansa. Ya durƙusa a bakin ƙofar, ya haska fuskarsa da waya don tsohon ya ga leɓensa, ya ce masa ya ammi, wato baffa, ya bayyana masa gwajin da aka yi, ya nuna takarda ta ƙofar. Ya ce baƙi ɗari biyu aka gayyata, mai gona ya yanka raƙumi. Zali ya amsa da Larabcinsa na kasuwa, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa. Ya ce takardar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka tambaye ta ta amsa. Ya nuna allin. Ya ce a kawo abin huda siriri, a zaɓi kowace ƙusa cikin waɗanda ya zagaye, a huda tsakiyar kanta tsawon ɗan yatsa. In lafiya take, ramin zai fito a bushe, shi kuma zai fita, da hannunsa zai kunna musu ashana. In karyayya ce, ruwa zai faɗa musu.

Nawaf ya ce huda ƙusa ba wasa ba ne, bai kuma ga dalilin da zai ɓata aikin wata takwas a kan itacen goge baki ba. Sai ya tambaye shi, a hankali yadda zai gani, shi mene ne nasa a ciki har da zai shiga murhu ya zauna. Tsakani da Allah ya yi tambayar. Tun da aka fara bai ga tsohon ya dubi Taha ko sau ɗaya ba, har ya fara zaton ko maƙwabci ne ake ce wa Abuya don girma.

Zali ya cire asuwakin ya dube shi, ya goge jinin a wando.

"Wanda za ku tsayar a bakin ƙofar nan," in ji shi, "uwarsa tana gidana."

Iyakar abin da ya iya ke nan, bayan shekara arba'in. Taha yana tsaye bayan muhandis, ya ji. Bai jira izini ba, ya je ya jawo abin huda da wayarsa, ya ce wa Nawaf in ramin ya fito a bushe shi zai cike shi da walda kafin awa ɗaya, a kuma ɗauki laifin a kansa. Nawaf ya dubi agogo, ya dubi tsohon, ya ce a yi ɗaya, shi kuma zai zaɓa. Ya zaɓi ta can gefe.

Taha ya fi ubansa jiki, da ƙyar ya shiga. Wurin bai ishi mutum biyu ba sai gwiwa ta taɓa gwiwa. Tsohon ya riƙe masa tocila, yana kallon ƙusa. Ƙarfe ya yi ta kuka, garin ƙarfe yana zuba, har bakin abin hudar ya kusa kai tsawon ɗan yatsa, sai ya zurma gaba kamar ya taka rami. Taha ya zare shi. Ruwa ya biyo, ja da tsatsa, siriri, ya gangaro bango ya jiƙa masa gwiwa.

Nawaf ya ce a yi ta biyu. Ita ma ruwa. A ta huɗu ya ce ya isa, ya koma gefe ya zauna a kan dogo. Da aka ciro ƙusoshin daga baya, goma sun rabu biyu, ɗaya saura ƙiris.

Fito da tsohon ya fi shigarsa wuya, sai da aka shafa masa man inji a kafaɗu. Nawaf da kansa ya riƙe masa riga, ya sumbaci kansa da tokar da komai. Taha ya mayar da shi gida. A hanya, wurin wata kwana, Zali ya gaya wa gilashin gaba cewa a ce wa mai motar nan ya rage gudu. Taha ya rage. Ya ce a gaya wa fasinja an ji, wannan karon da kunnensa ya ji. Ko tsohon ya ga bakinsa ko bai gani ba, Allah ne masani.

An ɗage bikin wata huɗu. Mai gona ya yi faɗa, ya ci raƙuminsa da iyalinsa. Nawaf ya riƙa aiko mota duk Asabar tana ɗaukar Zali, tsohon ya bi ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya, ya kuma sa aka huda wa kowace sabuwa ɗan rami tun kafin a ɗaura ta, don ranar da ta karye ta yi yoyo ta tona kanta. Jirgin ya tashi, yana nan yana kai masu kallo yana dawo da su, Taha ne a bakin wuta. A jikin allon tagullar da aka kafa akwai sunan mai gona da na kamfani da na wanda ya yi fenti. Babu Zali. Wanda ya yi fenti! Shi tsohon ko a jikinsa, ya ce ba shi ya ƙera jirgin ba. Yana nan a bakin shagonsa da shekara tamanin da ɗoriya, ana kawo masa tukwane.

Rahmatu ce abin bai saki ba. Ta yi kwana biyu ba ta iya cin abinci, tana tuna yadda ƙusoshi goma suka zama mafarki tsakanin bakinta da na Haifa. Ranar Juma'ar da ta biyo ta jiƙa shinkafa mudu shida, ta kira Haifa da matar Taha, suka soya waina tun hantsi, aka kai ƙofar masallacin unguwa da miyar taushe a manyan kuloli. Mutanen Mansur ba sa cin sadaka ba su san dalili ba. Mata suka yi ta leƙowa, haihuwa aka yi, ko wani ne ya warke, ko takardun wani ne suka fito? Rahmatu tana juya waina a tanda, fuskarta duk gumi, ta ce ba ko ɗaya, ba abin da ya faru. Wata maƙwabciya ta ce ita ba ta taɓa jin an yi sadakar ba-abin-da-ya-faru ba.

Rahmatu ta ce, "To yau kin ji. Miƙo kwanonki."